Yadda Na Je Amurka Na Binne Habu

Tun da na dawo Agege ba a bar ni na huta ba. A abbatuwa a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har kwandastan motar danfo da ya san ni sai da ya leƙo ya ce, "Oga Lawal, da gaske ka je Amurka kuma ka dawo da ƙafarka?" Wasu sun ce koro ni aka yi. Wasu sun ce na samo dukiya ina ɓoyewa. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya tafi da shi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, mai son ji ya karanta.

Ni mahauci ne ɗan mahauci. Kakana sojan Turawa ne daga ƙasar Katsina, da aka sallame shi ya yi zamansa a Agege. Nan aka haifi babana, nan aka haife ni, nan na yi makaranta har sakandare. Yarabanci a bakina kamar Hausa. Amma shekarar da soja suka miƙa mulki, da aka yi ta rikici a kasuwannin Legas tsakanin mutanenmu da samarin Yarbawa, wani da muka yi firamare tare ya dube ni ido cikin ido ya ce in tattara in koma garinmu. Wane gari? Sau biyu na taɓa zuwa Katsina, can kuma Bayarabe suke ce mini saboda yadda Hausata ke fita. Ina cikin wannan damuwa takarda ta zo cewa sunana ya fito a cacar bizar Amurka, wadda na cike a wani shago a Ogba, rabi da wasa.

Mutum ɗaya na sani a can, Habu, abokina tun muna yara, gidansu yana bayan namu. Ya tafi da bizar ziyara shekara goma kafin nan, bai sake dawowa ba. Na je shagon waya na kira shi. Ya ce, "Taho, Lawal. Nan babu mai tambayarka ɗan wa kake. Ƙarfinka kawai ake dubawa." Wannan maganar ce ta ɗauke ni. Na bar wa ƙanen matata teburina na nama, wanda na gada daga babana. Matata Rabi ta ce, "Baban Zainab, in dai can babu mai ce maka ka koma garinku, je ka. In ka zauna da gindinka ka zo ka kwashe mu."

Jirgin bai wuce kai tsaye ba, sai da muka yada zango a Turai. Can na fara gane cewa na bar gida. Na shiga bayi na duba ko'ina babu buta, sai takarda. Na fito na sayi ruwan gora na shanye rabi, gorar nan ita ta zama butata har na dawo. Na yi salla a bayan wasu kujeru ba tare da na san gabas ba, mutane suna wucewa da akwatuna, babu wanda ya ko kalle ni.

Da muka sauka New York jami'in da ya duba takarduna ya buga hatimi ya yi mini maraba da fara'a, har na ce a raina lallai Habu ya yi gaskiya. Ban yi taku ashirin ba wani ƙaramin kare ya zo ya zauna kusa da jakata ya ƙi tashi. Aka ce in buɗe. Kilishi ne, na cinyar saniya, ni na yanka shi da hannuna, na shanya, na tsoma a labu, haɗin ƙuli-ƙuli da yaji, kwana uku ina aikinsa don in kai wa Habu tsaraba. Matar da ke binciken ta sa safar hannu, ta ɗauke shi da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara. Na ce mata busasshe ne, ba ya lalacewa. Ta ce doka ce, kuma ta ba ni haƙuri. Haka suke: za a yi maka abin da zai ƙona maka rai, cikin ladabi da murmushi.

Na wuce Habu a bakin ƙofa ban gane shi ba, sai da ya kira sunana. Mutumin da na sani ƙato, mai dariya ana jin ta daga layin dogo, ya rame, furfura ta cinye masa kai, yana ɗan ɗingishi. Muka rungumi juna. Da muka fito titi na riƙe hannunsa muna tafiya kamar yadda muke yi a gida, sai ya fizge. Ya ce, "Kul. Nan ba a yin haka, wata fassara za a yi mana."

Masaukinsa ɗaki ne a ƙarƙashin bene, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. Su biyar ne a ciki, biyu 'yan Nijar, biyu Hausawan Gana, sai shi. Katifa uku ce, wanda ya tafi aiki wani ya kwanta a wurinsa. Sun yi mini tuwo da garin dankali na kwali da miyar kuka, kukar ma a ƙulle take cikin akwati kamar magani. Na ci, na yi godiya, amma ba tuwo ba ne. Habu wankin mota yake yi. Shekara goma yana wankin mota, domin bizarsa ta mutu tuntuni, ba shi da takardar zama. Na ce, "Habu, me ya hana ka gaya mini?" Ya ce, "In na gaya maka za ka zo?"

Wata biyu ina bin sa wankin mota, sai wani ɗan Gana ya ba mu labarin wata babbar mayanka a tsakiyar ƙasar, a jihar Nebraska, ana neman masu iya wuƙa. Ni ina da takarda kuma sana'ata ce. Habu ba shi da takarda, amma ɗan Ganan ya ba shi katin aikin wani ɗan'uwansa mai suna Joseph da ya koma gida. Ya ce Turawa ba sa bambance fuskokinmu. Habu ya juya katin a hannu ya yi dariya, ya ce, "To daga yau ni ne Joseph."

Kwana biyu muka yi a bas. Gonakin masara ne hagu da dama har ido ya gaji, babu mutum ko ɗaya a cikinsu. Duk inda aka tsaya cin abinci burodi da soyayyen dankali kawai nake saya, don tsoron alade. A wata tasha na zagaya baya in yi la'asar, ina cikin raka'a ta uku na ji bas ta tashi. Na sallame na biyo ta da gudu, takalma a hannu. Ashe Habu ne ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, direba yana ta masifa. A Legas ko direban da ba ya salla zai jira ka. Can agogo ne ogan kowa.

Garin ƙarami ne, warin mayankar ya riga ka shiga kowane lungu. Muka sami ɗaki a saman gidan wata tsohuwar Baturiya, Misis Helen, mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku suna wasu jihohi, sau ɗaya a shekara ake leƙo ta. Na yi mamakin wannan ƙwarai. Tsohuwa mai shekara kusan tamanin ita ke share ƙanƙara a ƙofar gidanta. Na karɓi shebur ɗin, daga nan muka saba. Ran Lahadi takan kira mu shan shayi. Ita ta fara bayyana mini inda maganar nan ta Amurkawa, wai a ƙasarsu "kowa zai iya" yin arziki, ta samo asali. Ta ɗauko hoton wani ɗakin ƙasa, bai kai ɗakin ajiyar gawayi ba, da mutane tsaye a gabansa. Ta ce kakanta ne da iyalinsa. A ƙasarsu ta Turai filaye duk na sarakuna ne, ɗan bara bara ne har ya mutu. Ya shigo jirgin ruwa ba shi da komai, gwamnatin nan ta ce duk wanda ya zauna a fili ya noma shi wasu shekaru ya zama nasa. Ya noma, ya zama nasa, ɗansa ya gina gidan katako, jikokinsa suka je jami'a. Ta dafa hannuna ta ce, "Ka gani? Mutanen da suka gudo daga sarakuna ne suka kafa ƙasar nan. Ka yi aiki kawai, kai ma 'ya'yanka za su ba da labarinka." Ba ƙarya take yi ba. Ta gani da idonta a gidansu. Ran nan na rubuta wa Rabi wasiƙa mai shafi huɗu.

Aikin kuwa ba fawa ba ce irin wadda na sani. Ni da na san saniya tun daga ƙaho har wutsiya, aka ba ni yanka ɗaya tak. Nama na zuwa a rataye jikin sarƙa, in zare wuƙa in cire tsoka guda daga kafaɗa, kafin in ɗaga kai wani ya iso. Haka tun safe har yamma. Sarƙar ba ta tsayawa. Fitsari sai ka ɗaga hannu an kawo mai riƙe maka wuri. Shanun ba yanka su ake yi da bisimilla ba, ƙarfe ake harba musu a goshi. Ina tsaye cikin nama har gwiwa, amma wata da watanni ban sa tsoka a bakina ba, sai kifin gwangwani. Azahar da la'asar a haɗe nake yin su a lungun da muke ajiye kaya. Da safe yatsuna ba sa lanƙwasuwa sai na jiƙa su a ruwan zafi. Habu aka kai shi ɗakin sanyi yana tura nama. Shugaban layinmu Joe yake kiransa, ni ma dole in ce Joe. Wata rana na manta na ƙwala masa kira da Habu, shugaban ya juyo ya dube mu. Da muka koma gida Habu bai yi mini magana ba sai washegari.

Akwai wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasar, Walter, shi ke wasa mana wuƙaƙe. Ya ga yadda nake riƙe wuƙa ya gane ɗan gado ne, muka zama abokai. Wata rana lokacin cin abinci na ba shi labarin kakan Misis Helen. Ya ajiye burodinsa ya ce, "Ka tambaye ta, kafin a ba kakanta filin, su wa ke zaune a kai?" Ya ce akwai mutanen da aka tarar a ƙasar, aka kore su da bindiga, sauransu suna can an killace su a wasu yankuna. Ya ce nasa kakannin kuwa ba su shigo jirgi da son ransu ba, a ɗaure aka kawo su, daga wajenmu, suka yi ta tsinkar auduga a kudu. Da aka 'yanta su aka yi musu alkawarin gona da alfadari, aka fasa. Babansa ya gudo arewa ya shiga mayanka, shi ma ga shi a mayanka.

Na ce, "To ke nan maganar ƙarya ce?"

Ya ce, "A'a, ɗan'uwa. Da ƙarya ce da ta mutu tuntuni. Ta yi wa wasu aiki, shi ya sa take da rai. Amma lokacin da waɗanda suka kafa ƙasar nan suke rubuta cewa duk mutane ɗaya ne, kakana yana waje yana riƙe musu doki. Kowane zamani akwai waɗanda ake kawowa su riƙe wuƙa. Da mu ne, yanzu ku ne. Kuma in ka kasa, an riga an koya maka ka ce laifinka ne."

Na maimaita wa Habu wannan magana muna tafiya gida. Ya ce, "A Agege in ka talauce a ce Allah bai ba ka ba tukuna, a kira ka cin tuwo. Nan in ka talauce a ce kai ne rago. Na zauna har na yarda, Lawal. Babana ya rasu ina nan, in na fita ba zan iya dawowa ba, ban je ba. Iya ta tsufa. Kullum cewa nake bari in sami abin da zan shiga gida da shi. Da wane ido zan dube ta hannu rabbana?"

Da sanyi ya kankama, ƙanƙara ta rufe gari, tari ya kama shi. Tun yana yi a ɓoye har ya zama ba ya iya hawa matakalar ɗakinmu sai ya huta a tsakiya. Na ce mu je asibiti. Ya ce in aka bincika aka gane katin ba nasa ba ne fa? Misis Helen ta dafa masa miyar kaza, ya ƙi sha don bai san yankan ba, sai ruwan zafi da citta. Na roƙe shi ya huta ko na mako guda. Ya ce wanda ya yi fashin aiki sau uku an sallame shi.

Wata Talata da hantsi na hango mutane sun taru a ƙofar ɗakin sanyi. Na yar da wuƙata na ruga. Yana kwance a ƙasa, farar rigar aikinsa duk jinin shanu, bakinsa kuma nasa jinin. An tsayar da sarƙa har motar asibiti ta ɗauke shi. Kafin motar ta fita daga harabar na ji sarƙar ta ci gaba da tafiya. Kwana uku ya yi. Na samu na laƙƙana masa kalmar shahada, ya motsa leɓe. Ya cika bayan azahar.

Nan wahala ta fara. A takardun asibiti Joseph ne, Kirista, ɗan Gana. Na ce musu sunansa Abubakar, Musulmi ne, ɗan Najeriya, a ba ni shi in binne yau. Suka ce ni wane ne a wurinsa? Ina shaida? Fasfonsa ya ɓace tun a New York. Walter ya ɗauki hutu ya yi ta yawo da ni a motarsa daga wannan ofis zuwa wancan. Misis Helen ta zauna bakin waya tana kiran duk wanda ta sani, tana kuka, tana cewa ba haka ƙasarta take ba. Kwana tara Habu yana cikin firji. A gida wanda ya rasu da safe kafin la'asar an rufe shi. A ƙarshe wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya yi mini bayani a hankali: in na dage sai an gyara suna, za a buɗe bincike, zai iya kai watanni, gawar tana ajiye. In kuwa na sa hannu cewa na san shi a matsayin Joseph kuma ba shi da kowa a ƙasar, gobe a ba ni shi.

Na sa hannu. Da hannun nan nawa na rubuta cewa abokina, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya, sunansa Joseph.

Wani limami ɗan Sudan da ke wani gari mai nisa ya zo. Ni na yi masa wanka, limamin yana zuba mini ruwa. Dokar maƙabartar ta ce sai a cikin akwati. Ƙasa ta daskare kamar dutse, mota mai haƙa rami ce ta tona kabarin. Mu shida muka sallace shi: ni, liman, da 'yan Sudan huɗu da ba su taɓa ganinsa da rai ba. Walter da Misis Helen suna tsaye daga baya cikin ƙanƙara, ya cire hularsa. Aka kafa ɗan ƙaramin ƙarfe a kan kabarin da sunan da ke cikin takarda.

Na koma aiki na yi wata biyu. Rabi ta aiko wasiƙa tana tambaya yaushe za su taho, Zainab ta fara koyon Turancin Amurka a talabijin ɗin maƙwabta. Na je na tambaya, aka ce tun da ban sa su a takarduna tun farko ba, sai an bi layi, shekaru ne. Na zauna ina duban yatsuna da suka fara karkacewa. Washegari na ga sabon mutum a ɗakin sanyi, ɗan Meziko, an ba shi rigar Habu da takalmansa na roba, yana ta murmushi don ya sami aiki. Ran nan na ajiye wuƙa. Walter ya raka ni tashar bas. Ya ce, "Kai ka ji daɗi, kana da inda za ka koma." Na hau bas.

Da na iso gida Rabi ba ta yi mini faɗa ba. Ta karɓi jakata, ta kawo ruwa, ta ce sannu da hanya. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Teburin babana yanzu na ƙanenta ne, a ƙarƙashinsa nake yanka, yana ce mini Yaya yana jin kunya, ni ma ina ji. Katin zaman Amurka yana ƙasan akwati. An ce in na shekara ban koma ba zai mutu. Saura 'yan watanni.

Kwana uku na yi a gida kafin na iya zagayawa bayan gidanmu wurin Iya, mahaifiyar Habu. An riga an gaya mata ta waya, an yi zaman makoki, an watse. Na same ta a kan tabarma a tsakar gida tana gyaran goro, idonta ya yi rauni. Habu ɗanta na fari ne, don haka tun da aka haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan" ko "abokin naka". Na durƙusa na yi mata gaisuwa.

Ta ce, "Lawal, wa ya yi wa abokin naka wanka?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

"An fuskantar da shi gabas?"

"An fuskantar."

Ta ce alhamdu lillahi. Ta juya goro a cikin ganye. Sannan ta ce, "An sa alama a wurin? In wata rana wani namu ya je, zai gane?"

Na yi niyyar in ce eh in tashi. Bakina ya ƙi. Na gaya mata komai, katin, da kwana tara, da hannun da na sa, da sunan da ke kan ƙarfen. Matan gidan da ke wanke-wanke duk suka tsaya.

Iya ta ajiye goron. Ta ce, "Wa?"

Na ce, "Joseph."

Ta girgiza kai a hankali. Ta ce, "Abubakar." Wata jikarta ta saki kwano a ƙasa, don babu wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. Ta ce, "Abubakar sunansa. A tsakar gidan nan aka raɗa masa, ga inda aka yanka ragon." Ta juya fuskarta wajen ƙofar zaure, ta ɗaga murya yadda uwa ke yi in abinci ya sauka yaro yana waje.

"Abubakar. Abubakar."